Ɗanladi da Mazaran Ramin Hammadu

A wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, inda kanal ya ratsa gonakin shinkafa ya raba su gida biyu, akwai wani dattijo da ake kira Ɗanladi Mai Ƙofa. Sunan ya bi shi ne daga aikin da ya shafe sama da shekara talatin yana yi. Shi ne mai murɗa ƙarfen ƙofar ruwa, ya sakar wa manoman wannan ɓangare rabonsu, idan sun ƙoshi ya rufe ya sakar wa na gaba. Gajere ne, mai tsafta har ta yi yawa, irin mutanen da ke kakkaɓe tabarma sau biyu kafin su zauna.

Yana ɗan shekara takwas aka kawo ruwan kanal yankinsu. Kafin nan gero da dawa kawai mahaifinsa ya sani, rani kuwa zaman jiran damina ne. Da ruwa ya zo sai ya zo da shinkafa da alkama da tumatir, ya kuma zo da wani abin da babu wanda ya roƙa, wato mazari. Yaran ƙauyen sukan kama shi su ɗaura masa zare a jela su sake shi yana ja. Ɗanladi ma ya yi, amma bai daɗe yana yi ba, don shi kallon ya fi yi masa daɗi.

Da ya girma ya samu aikin ƙofa, sai kallon ya samu wurin zama. Aikin ƙofa rabinsa jira ne. Ka buɗe, ka zauna a kan siminti, ruwa na tafiya, babu abokin hira sai abin da ke shawagi a kansa. A haka ya gane cewa mazari ba iri ɗaya ba ne, ya kuma raɗa wa kowane suna da kansa. Akwai Ja-wur, wanda ke zama a kan tsinke ɗaya, ya tashi ya kama ƙwaro ya dawo daidai inda ya bari, idan rana ta take kuma ya ɗaga jelarsa sama. Akwai Mai Toka, wanda jikinsa ya yi kamar an barbaɗa masa toka mai shuɗi-shuɗi. Akwai Ɗan Rakiya, baƙi mai zane a fukafukai, wanda ba ya son tsinke sai ƙasa, yana bin ƙafar mutum ko ta saniya yana cafke abin da suka tayar. Akwai Mai Shela, rawaya, wanda ke zuwa ayari guda gab da faɗuwar damina, da wuya ka ga ya sauka. Akwai kuma Allura, siririya, wadda idan ta zauna take haɗe fukafukanta a bayanta, saɓanin sauran da ke baza nasu. Amma wanda ya fi shiga ransa shi ne Ɗan Sintiri, babbansu duka, ƙirji kore jela shuɗiya, wanda ke kai wa da komowa a kan ruwa kamar an ba shi gadin wurin.

Wannan sanin shi ne abin da Ɗanladi ke ji da shi a duniya. Ba shi da gona mai yawa, bai yi karatu mai zurfi ba, amma a nan dai ya tabbata babu wanda ya kama ƙafarsa.

Ba za a ba da labarin Ɗanladi ba tare da an ambaci Hammadu ba. Hammadu Bafulatani ne, mahaifinsa ya kafa ruga a gefen ƙauyen a shekarar da ruwa ya zo, daga baya suka yi ginin ƙasa suka zauna, suna kiwo suna taɓa noma. Sa'annin juna ne, tare suka koyi iyo a kanal, tare aka zane su a kan haka. Abin da ke tsakaninsu abota ce ta gaskiya, sai dai tana da wani ɗan tabo da Ɗanladi kaɗai ya sani. Hammadu irin mutanen nan ne da abu ke zo musu ba tare da sun nema ba. Rana ɗaya suka dasa mangwaro suna samari. Ɗanladi ya yi wa nasa shinge yana ba shi ruwa safe da yamma, na Hammadu kuwa sau biyu awaki na cinye kansa, amma shi ya riga yin 'ya'ya. Ɗanladi ya sha mangwaron, ya yaba zaƙinsa, ya koma gida ya kasa cin tuwo. Haka abin yake duk tsawon rayuwarsu. Idan alheri ya samu Hammadu, Ɗanladi ne na farkon zuwa barka, kuma da zuciya ɗaya yake zuwa, amma a hanyar dawowa sai murnar ta gushe, wani abu daban ya maye gurbinta a ransa.

Shekara shida da suka wuce ya ajiye aiki. A lokacin mazarai sun ragu sosai a bakin kanal. Feshin maganin ƙwari ya yawaita a gonaki, ga kuma watannin da akan rufe ruwa don gyara, ƙananan magudanai su bushe ƙayau. Ɗan Sintiri kam ya yi shekaru bai sa shi a ido ba. Sai ya yanke shawarar tunda yanzu ba zai riƙa zuwa wurinsu ba, bari ya yi musu wurin da za su zo wurinsa. Yana da ɗan lambu a bayan gida, mai albasa da yakuwa da bishiyar mangwaron nan tasa. A nan ya sa aka haƙa rami, aka jera bulo, aka yi filasta, aka shafa masa shuɗin fenti a ciki. Kusurwa huɗu cif, bango a miƙe, a ƙarƙashin inuwar mangwaro don ya samu wurin shimfiɗa buzu.

Matarsa Kubra, wadda sana'arta turara shinkafa ce, ta zaci kiwon kifi zai fara kamar yadda mutane ke yi. Da ta ji na mazari ne sai ta dube shi, ta dubi tafkin, ta ce Allah ya sa albarka, ta koma bakin tukunyarta. A majalisar ƙofar masallaci an yi mako guda ana yi masa dariya. Bai damu ba, don ya san ranar da tafkin zai cika da mazarai su ne za su zo kallo.

Duk ranar Alhamis yakan ari injin ban ruwa ya zuƙe tafkin, ya shiga da tsintsiya ya goge gansakuka, ya tsince ganyen da ya faɗa, ya zuba sabon ruwa. A ƙasan yakan tarar da wasu munanan ƙwari masu launin laka, kamar kyankyaso marar fiffike, masu manyan idanu. Ƙyamarsu yake ji. Yakan kwashe su a tsohon kwano ya watsa wa kajin Kubra, su kuwa har sun gane ranar, da sun ji ƙarar inji sai su taru a bakin lambu.

Mazarai sukan zo, ba a ce ba sa zuwa ba. Ja-wur ɗaya ko biyu, wani lokaci macensa mai ruwan ƙasa ta zo ta tsoma jela a ruwa ta wuce. Amma ba sa zama. Shekara biyu Ɗanladi na shimfiɗa buzu yana jira, tafkin na sheƙi kamar sabon faranti, kuma kusan kullum fayau yake.

Wata rana babbar 'yarsu Muhsina, wadda ke aure a Dawakin Kudu tana koyarwa a firamare, ta zo ganin gida. Da la'asar ta tafi gaida iyalin Hammadu ta karɓo nono. Ta dawo tana murmushi, ta durƙusa gefen buzun mahaifinta ta miƙa masa waya.

"Baba, kalli bidiyon nan. Ashe Baffa Hammadu ya fi ka mazari."

Da wasa ta faɗa, ba ta san inda maganar ta sauka ba. Ɗanladi ya karɓi wayar ya kusanto da ita fuskarsa. Ya gane wurin. Wani rami ne a bayan garken Hammadu, inda ya ɗebi ƙasar gini shekarun baya, ruwan da ke tsattsafowa daga gonakin shinkafa ya cika shi. Gefe ɗaya shanu sun tattake shi ya zama gangare, ɗaya gefen doguwar ciyawar kacalla ta tsiro, bado ya baza ganye a tsakiya. Wuri ne da Ɗanladi ba zai yarda ya wanke ƙafa a ciki ba. Amma a samansa mazarai ne ke kaiwa da kawowa kamar ranar kasuwa. Ya ga Mai Toka, ya ga Allura bibbiyu a manne da juna, ya ga Ɗan Rakiya a kan busasshiyar laka. Can kuma sai ga Ɗan Sintiri ya ratso hoton daga hagu, ya juya, ya sake ratsowa. Ɗanladi ya mayar mata da wayar ya ce hoton bai fito da kyau ba.

Muhsina ta tura bidiyon a zauren malamai na waya, daga nan ya yi ta yawo. Ba a yi wata guda ba wata malamar kimiyya daga wata sakandare ta ɗauko ɗalibanta a bas ta kawo su. Motar ta bi ta ƙofar gidan Ɗanladi, har direban ya tsaya ya tambaye shi hanyar gidan mai mazari. Ɗanladi ya buɗe baki zai ce ga shi nan a gabanka, sai direban ya ƙara da cewa, wani Bafulatani. Ya nuna musu hanya da hannu.

Hammadu bai san sunan ko ɗaya ba, a wurinsa duk mazari mazari ne. Da baƙin suka dame shi da tambaya sai ya aiko a kira Ɗanladi, ya ce ga masanin abin can a cikin gari. Ɗanladi ya ce a gaya masa ƙafa ta matsa masa. Ya zauna a bakin tafkinsa yana jin hayaniyar ɗaliban daga nesa, yana raya cewa yanzu haka ana nuna musu macen Ja-wur ana ce musu wani iri ne daban, kuma babu mai gyarawa.

Daga ranar sunan ya kama. A majalisa idan Hammadu ya iso sai a ce ga Mai Mazari nan, shi kuma ya yi dariya ya ce shi dai shanu ya sani. Wannan dariyar ta fi komai ƙona wa Ɗanladi rai. Da Hammadu ya yi fahariya da abin, da da sauƙi. Amma mutum ya samu abin da ka shekara hamsin kana so, ya riƙe shi kamar tsinken sakace, wannan shi ne abin da ya kasa haɗiyewa. Ya fara zagayawa ta bayan garken da hantsi, wai zai duba albasar wani. Yakan tsaya a bayan kacalla yana kallo, ido na jin daɗi zuciya na tafasa. Har ya ga macen Ɗan Sintiri ta sauka a kan ganyen bado ta lanƙwasa jela cikin ruwa tana saka ƙwai, abin da bai taɓa gani ba duk zamansa a ƙofa.

Ya san kifi na cin duk abin da ke motsi a ruwa, ya kuma lura tun da daɗewa cewa mazari ba ya yawa a tafkunan masu kiwon tarwaɗa. Bai san dalilin sosai ba, amma ya san hakan na faruwa. Tunanin ya zo masa, ya kore shi, ya sake dawowa. Ya yi ta gaya wa kansa cewa idan ramin ya daina yi musu daɗi, ai dole su nemi wani ruwan, kuma wane ruwa ne ya fi nasa kusa?

Ranar da Hammadu ya kai bijimi kasuwa, Ɗanladi ya hau babur ya tafi Kura ya sayo 'ya'yan tarwaɗa a jarka. Da rana tsaka, lokacin da kowa ya fake a inuwa, ya zagaya ta bayan garke ya tsuguna a gangaren da shanu ke shan ruwa. Ya tuntsurar da jarkar cikin ruwan. Kifayen suka watsu suka nutse. Ya dawo gida ya cusa jarkar a bayan rumbu, ya yi alwala, ya daɗe a kan buzu bai tayar da salla ba.

Wata biyar suka wuce. Ruwan ramin ya dagule ya zama kamar kunun kanwa, mazarai suka yi ta raguwa. Ɗan Rakiya dai yana nan yana bin shanu, amma Allura ta ɓace, Ɗan Sintiri kuma sai jifa-jifa. Baƙi suka daina zuwa. Abin da Ɗanladi ya yi tsammani kuwa bai faru ba, don ko ɗaya bai ƙaru a tafkinsa ba. Sai ya zamana da can yana da wurin da zai laɓe ya kalli abin da yake so, yanzu ya rasa nan ya rasa can.

Wata safiyar Alhamis yana cikin tafki da tsintsiya, wando a naɗe, sai ga sallamar Hammadu. Ya shigo lambun da ƙwarya a hannu, manyan tarwaɗa biyu na motsi a ciki, ya ce a kai wa Kubra ta yi farfesu. Ɗanladi ya yi godiya ba tare da ya ɗaga kai ba. Don ya samu abin yi da hannunsa, sai ya ɗauki kwanon ƙwarin nan ya ɗaga zai watsa wa kaji. Hammadu ya riƙe masa hannu, ya leƙa cikin kwanon.

"Ɗanladi, me ya sa kake ba kaji 'ya'yansu?"

"'Ya'yan wa?"

"'Ya'yan mazarin naka mana. Ai waɗannan su ne."

Ɗanladi ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce shekara hamsin yana kallon mazari, ba a wurin makiyayi zai koyi abin da ya haifa ba. Hammadu bai yi musu ba. Ya dai ce shi da asuba idan ya fito tatsa yakan ga irin ƙwarin nan sun hau karan kacalla sun tsaya cik, bayansu ya tsage, mazari ya fito. Ya ce ɓawon ma yakan zauna a jikin karan har iska ta kaɗe shi. Ya ƙara da cewa tun da kifi ya shiga ramin bai cika ganinsu ba, wataƙila tarwaɗar ce ke cinye su. Ya faɗi wannan kamar mai ba da labarin farashin dusa, ya yi sallama ya tafi.

Kubra ta yi farfesun da rana. Ɗanladi ya ɗanɗana romon ya ture kwanon. Ta ɗauke ba ta tambaye shi dalili ba, sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Malam, jarkar da ke bayan rumbu na wanke ta tuntuni. Ƙarnin kifi take yi." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Ƙwarin kuwa bai ba kaji ba. Ya zuba su a tsohon baho da ɗan laka, ya kafa karan dawa a tsakiya, ya ajiye inda rana ke samu. Niyyarsa ya tabbatar Hammadu ya yi kuskure. Yakan ɗebo tsutsar sauro daga kwata ya zuba musu, ya ga yadda wani abu kamar hannu ke fitowa daga ƙarƙashin bakinsu ya cafke tsutsar kafin ƙiftawar ido. Kullum idan ya dawo daga sallar asuba sai ya leƙa. Ya yi kwana goma sha tara yana leƙawa.

A rana ta ashirin ya tarar da ɗaya ya hau karan ya maƙale. Ya tsuguna. Gari na ƙara haske, bayan ƙwaron ya tsage, kai ya fito, ƙirji ya biyo, abin ya rataya da baya kamar ya mutu. Can ya yunƙura ya kama ɓawon ya zaro jelarsa. Fukafukan a cukurkuɗe suke kamar tsumma, a hankali suka miƙe suka yi garau. Kafin hantsi ya baza su, ya karkaɗa, ya tashi ya haye katanga. Launinsa bai nuna ba tukuna, amma daga zubin jikinsa Ɗanladi ya gane Mai Toka ne.

Da za a ce abin da ya fara ji murna ce, da an yi ƙarya. Abin da ya fara zuwa masa shi ne, ashe Hammadu ya shekara da shekaru yana ganin wannan, da ƙwaryar tatsa a hannu, bai ma ɗauke shi abin faɗa ba. Shi kuwa da ke zuwa ƙofa bayan rana ta fito, ya san riga bai san mai ita ba. Sai daga baya ɗaya tunanin ya iso, na Alhamis ɗin shekara biyu da rabi, da kajin da ke taruwa a bakin lambu. Ashe mazaran ba su ƙi tafkinsa ba. Sun zo, sun ba shi amanar 'ya'yansu, shi ne ya riƙa kwashewa da hannunsa.

Da yamma ya tafi wurin Hammadu, ya same shi yana ɗaure maruƙa. Ya fara da cewa maganar ƙwarin gaskiya ce. Sannan ya ce akwai wata maganar, kifin nan shi ya zuba. Hammadu ya yi murmushi ya ce ai ya sani, matarsa Sa'adiya ta hango shi ranar. Ya ce sun ɗauka alheri ne ya yi musu a ɓoye don kada a yi masa godiya, shi ya sa da kifin ya girma ya fara kawo masa.

A nan Ɗanladi ya samu ƙofar fita a buɗe, kuma ya daɗe yana kallonta. Da ya yi shiru, da maganar ta mutu a haka har abada.

"Ba alheri ba ne, Hammadu. Ƙyashi ne. So na yi su bar wurinka."

Hammadu ya ƙarasa ɗaurin da yake yi, ya miƙe, ya dube shi. Ya ce da ya san abin na damunsa haka, da ya ce masa ya zo ya ɗauki ramin ya haɗa da kacallar. Ya ce shi bai taɓa sanin akwai abin da suke gasa a kansa ba. Daga nan ya shige gida, bai raka shi ba, abin da bai taɓa yi ba tun suna yara.

Kusan wata biyu ba su zauna wuri ɗaya ba. Sukan gaisa a masallaci kamar kowa da kowa. Da bazara ta yi, aka rufe kanal, ruwan ramin ya ja baya, sai Ɗanladi ya aro raga ya tafi ba tare da ya nemi izini ba. Mutumin da ke kakkaɓe tabarma ya shiga laka har cinya. Kwana uku yana fama da tarwaɗa, tana sulɓewa, ƙayarta na sukarsa, duk wadda ya kama ya miƙa cikin gidan Hammadu. A rana ta uku ya ɗaga kai ya ga Hammadu a tsaye a bakin ramin ya rataya sanda a kafaɗa. Hammadu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya nuna gindin kacalla da sandar ya ce akwai wata babba a can, ita ce ta fi wayo. Ya tuɓe takalmi ya shigo ya riƙe masa bakin ragar.

Abotar ta dawo, ko da yake ba daidai yadda take da ba. Hammadu ya rage ba shi labarin abin alherin da ya same shi. Idan saniyarsa ta haihu, sai dai Ɗanladi ya ji a bakin wasu. Wannan ya yi masa ciwo, kuma ya san shi ya jawo.

Tafkin nasa kuwa ya sake masa fasali gaba ɗaya. Ya sa guduma ya rushe bango ɗaya, ya cike wurin da ƙasa ya zama gangare. Ya sare rassan mangwaron da ke tare rana, ya rasa inuwar buzunsa. Ya ɗebo laka bokiti shida daga ramin Hammadu, da saiwar bado da 'yar kacalla, ya kakkafa karare a gefe don masu zama da masu hawa. Ya daina zuƙe ruwa, sai dai ya ƙara idan ya ragu. Ya roƙi mai gonar tumatir da ke maƙwabtaka da shi ya riƙa duba inda iska ta dosa kafin ya yi feshi. Kubra ta yi ƙorafin za a tara mata sauro, ya kai ta bakin ruwan ya nuna mata masu cin tsutsar, ta ce ta gani, amma ba za ta cire gidan sauronta ba.

Yanzu shuɗin fentin ya ɓace a ƙarƙashin gansakuka. Iri biyar ke haihuwa a tafkin, kuma Ɗanladi na tsince ɓawon da suka bari yana adanawa a kwalayen ashana, har ya kai yana iya duban ɓawo ya faɗi wanda ya fita daga ciki. Idan Muhsina ta zo takan ɗauki hotonsu ta kai wa ɗalibanta. Ɗan Sintiri yakan biyo, ya zaga tafkin sau biyu ko uku, ya wuce. Macensa har yau a ramin Hammadu take saka ƙwai, wataƙila don ya fi faɗi. Duk lokacin da ya ga ya haye katanga ya nufi garke, Ɗanladi yakan ji abin nan ya motsa a ƙirjinsa. Ya daina musun cewa yana nan. Yakan yi istigfari, wani lokaci ya wuce da wuri, wani lokaci ya wuni da shi.

A daminar bara wani manomin kankana mai suna Sammani ya zo ya ce shi ma yana son ya yi irin wannan a bayan gidansa. Ɗanladi ya ba shi laka bokiti biyu da saiwar bado, ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla, bai ɓoye masa komai ba, har da kuskuren da shi ya yi. Sammani ya haƙa nasa a fili, rana na dukansa tun safe. Kwanan nan ya gaya wa mutanen majalisa cewa ya ga wani irin mazari ƙarami mai baƙaƙen fukafukai, yana tashi kamar malam-buɗe-littafi. Ɗanladi, wanda bai taɓa ganin irin wannan ba, ya ce masa madalla, Allah ya ƙara. Gidan Sammani ba a kan hanyar masallaci yake ba, amma tun daga ranar ta nan Ɗanladi ke bi, kuma idan ya zo daidai katangar yakan rage tafiya.